Ta yaya LIGO ke rage hayaniyar haske ba tare da saɓa ƙa'idar Heisenberg ba?

Ɗalibar Fizika:
Assalamu alaikum. Malamai, na karanta cewa na'urar LIGO ta Amurka, wadda ke gano igiyoyin nauyi (gravitational waves) da ke zuwa daga sararin samaniya, mai hannaye biyu masu tsawon kilomita 4 kowanne, tana gane sauyin tsawon da bai kai faɗin furoton guda ba, wato ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar atom. Sai dai hasken lezar da ake awon da shi ƙwayoyi ne da ba sa isowa a jere, kuma ƙa'idar Heisenberg ta rashin tabbas ta ce wannan rawar, wato hayaniyar da ke dagula awon, ba ta gushewa. Yaya aka rage ta?

Malam Haske:
Wa alaikumus salam. Ba a kawar da rawar ba, wurin zama aka sauya mata. Ƙa'idar ta ɗaure abubuwa biyu wuri guda, wato ƙarfin hasken da lokacin bugun igiyarsa, amma ba ta ce dole a raba rashin tabbas ɗin daidai wa daida ba. Kamar salka ce cike da ruwa: idan kika matse gefe ɗaya, ɗaya gefen zai kumbura. Tun da lokacin bugun ne LIGO ke aunawa, sai a matse wannan gefen, shi ya sa ake kiransa matsattsen haske. Masanin fizika Carlton Caves ne ya kawo shawarar a 1981, na'urar GEO600 ta Jamus, mai aiki irin na LIGO, ta riga kowa aiki da ita, LIGO kuwa sai a 2019.

Injiniya:
Malam, gefen da ya kumbura fa bai tafi a banza ba. Ƙwayoyin haske suna tunkuɗa maduban da ke mayar da hasken a hannayen na'urar, kuma duk da cewa nauyin kowane madubi kilo 40 ne, rawar ƙarfin hasken tana girgiza shi har ta rufe saƙonnin igiyoyin nauyin da ke bugawa a hankali. Maganin da aka fara aiki da shi a 2023 shi ne bi da matsattsen hasken ta wani bututu mai tsawon mita 300 da madubai a bakinsa biyu, wanda ke juya matsin, ya zama ana matse ƙarfi ga saƙo mai jinkiri, ana matse lokaci ga mai sauri.

Ɗalibar Fizika:
To me ya hana a yi ta matsewa har hayaniyar ta kusa ƙarewa?

Malam Haske:
Asarar haske ce, kuma a ganina nan ne ainihin wahalar take. Duk ƙwayar da madubi ya shanye ko ta watse a hanya, hayaniyar da ba a matse ba ce ke maye gurbinta. Idan kashi 10 cikin 100 ya salwanta, komai tsananin matsin da aka yi tun farko, ƙarfin hayaniyar ba zai sauka ƙasa da ɗaya bisa goma na asalinsa ba. Saboda haka galibin aikin yana wajen goge madubai, gyara shafen da ke fuskarsu, da daidaita hasken ya shiga kowace kafa ba tare da kuskure ba.