Shawarwari Kan Yarda da Iyawar Kai

Yawancin shawarwarin da aka bayar a wata tattaunawa kan yadda mutum zai yarda da iyawarsa sun dace da bayanin masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura na 1977, cewa babu abin da ke ƙarfafa gwiwar mutum kamar nasarar da ya samu da guminsa. Saboda haka aka shawarci mai fargabar magana a bainar jama'a ya fara da mutum uku, yana ƙara yawansu sannu a hankali, kuma ya riƙa lura da tsararsa da suka ci nasara. Yabo yana taimakawa, amma a ganina sai ya fito daga bakin wanda ya san aikin. Bugun zuciya kafin farawa kuwa, an ce kada a ɗauke shi alamar gazawa.