Shawarwari ga mai son jagorantar binciken jami'an tsaro a Amurka

Tambayar da aka tattauna ita ce: jami'in tarayya a Amurka da ya daɗe a bakin aiki, ya dace ya karɓi muƙamin kula da binciken abokan aikinsa da ake zargi da rashin ɗa'a? Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce ya karɓa, amma ya san abin da ke gabansa.

Abin da aka fi nanatawa shi ne ya raba binciken aikata laifi da na ladabtarwa tun farko. Bisa hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Garrity ta 1967, bayanin da aka tilasta wa jami'i ya bayar da barazanar kora ba ya zama hujja a kansa a shari'ar laifi. Shugaban da ya yi gaggawar titsiye jami'i kafin ya tuntuɓi lauyoyin gwamnati na iya ɓata tuhumar baki ɗaya, kuma a ganina nan ne aka fi yin tuntuɓe. A hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, ma, Ofishin Babban Sufeto na Ma'aikatar Shari'a ke fara duba ƙorafi, in ya ga dama ya riƙe. Mai bincike daban, mai yanke horo daban.

Wasu sun ja hankali kan ƙarya. Saboda hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Giglio ta 1972, jami'in da aka tabbatar ya yi ƙarya, dole masu gabatar da ƙara su sanar da lauyan wanda ake tuhuma idan jami'in zai ba da shaida. Kalma ɗaya a rahoto kan bi mutum har ya yi ritaya.

An kuma gargaɗe shi cewa abokai za su ragu, kuma kada ya riƙe fayil ɗin wanda suka taɓa aiki tare.