Wa ya taɓa kunna IPv6 a Kaduna? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Mai Kyamara, Kawo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Mu masu haɗa kyamarar tsaro mun daɗe da wani ciwon kai. Ka gama aiki, mai gida ya ce yana son ya riƙa leƙa shagonsa ta waya ko yana Abuja. Ka buɗe fot (ƙofar shigowa daga waje) a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a wurin, ka saita DDNS (sunan da ke bin adireshinka ko ya canja), komai ya zauna, amma daga waje shiru kake ji. Ka duba adireshin da kamfanin intanet ya ba rautar, sai ka ga ya fara da 100.64. Shi ke nan, an jefa ka bayan CGNAT, wato kamfani ya haɗa ku da kwastomomi da yawa a adireshi ɗaya. Ka nemi adireshi naka na kanka, a ce sai da kuɗi na daban duk wata. Kowa cewa yake IPv6 ce mafita, wato tsarin adireshin intanet mai yalwa da ya zo maye gurbin tsohon, IPv4. To wa ya gwada a garin nan? Abin da ya faru da ku nake son ji, ba na takarda ba.

Injiniyan Barnawa:
Wa alaikumus salam. Na gwada a gidan wani Alhaji a Unguwar Rimi, mai intanet na tauraron ɗan'adam. Ta ɓangaren IPv4 su ma CGNAT ne, amma suna ba da IPv6, kuma ba rowa: /56 suke bayarwa, wato za ka iya yanka netwok 256 a cikin gida ɗaya. Na ajiye rautarsu gefe na sa rautar MikroTik, ta karɓi rabonta, DVR (na'urar da ke naɗar bidiyon kyamarori) ta samu adireshi mai farawa da 2, na buɗe mata fot ɗaya tak a bangon tsaro, wato abin da ke tace masu shigowa daga waje. Na je gidan wani mai irin wannan intanet ɗin, na buga adireshin a kwamfuta, sai ga ƙofar gidan Alhaji da maigadi yana shan shayi. Babu DDNS na dabara, babu roƙon kowa.

Murna ta ƙare ne da Alhaji ya fito da wayarsa a ofis. Layinsa bai ba shi IPv6 ba, saboda haka wayar ba ta ma san hanyar gidan ba. Dole muka koma manhajar nan da ake ɗaukar hoton QR, wadda ke zagayawa da bidiyon ta sabar kamfanin kyamarar kafin ya iso. Abin da na gani ke nan: sai ɓangarorin biyu suna da IPv6. Gida kaɗai bai isa ba.

Mai Kafe, Tudun Wada:
Ni ba kyamara ce damuwata ba. Lokacin rajistar jarrabawa, yara sun cika shago, sai shafi ya fara tambayarmu mu zaɓi hoton mota da na gada, a danna a sake dannawa. Wani lokaci a ce an yi yawan buƙata daga adireshinmu, alhali mu yanzu muka buɗe shago. Daga baya aka fahimtar da ni cewa adireshin ba namu kaɗai ba ne. Kamar gidan haya ne mai ƙofa ɗaya: wani ɗan haya ya yi laifi, a zo a rufe ƙofar da kowa a ciki. Na kira kamfanin da nake saye a wurinsu na tambayi IPv6, yarinyar da ta ɗauka ta ce in kashe rauta in kunna.

Malamin Netwok, Malali:
Mai Kafe, kada ka ga laifin yarinyar, ba a koya mata ba. Kuma kamfanonin ba mugunta ce ta sa suke cusa mu bayan adireshi ɗaya ba, kayan ne suka ƙare. IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 ne gaba ɗaya. IANA, hukumar da ke rabon adireshi a duniya, ta raba ragowar da ke hannunta a Fabrairun 2011. Mu a Afirka hukumar AFRINIC ce ke rabawa daga Morishiyas, kuma ita ce ta fi sauran jinkirin ƙarewa, wanda a ganina shi ya sa muka yi sanyin jiki. Ta fara tsuke hannu a 2017, daga Janairun 2020 kuwa mafi yawan abin da za ta ba kamfani a buƙata ɗaya shi ne /22, adireshi 1,024. Kamfani mai dubban kwastomomi ya yi yaya da wannan?

Abin da ke ba ni haushi a aji shi ne har yanzu ɗalibai na kiran IPv6 "sabuwa". An fitar da ƙa'idarta tun 1998. An yi bikin kunna ta dindindin a duniya ranar 6 ga Yunin 2012. A ƙididdigar Google, sama da kashi 40 cikin ɗari na masu shiga shafukansu ta IPv6 suke shiga, Indiya da Faransa da Jamus suna sahun gaba. Indiya kuwa kamfanin waya ne, Jio, ya ja ta. Nan ma ranar da layukan waya suka kunna wa kowa, magana ta ƙare.

Hajiya Mai IT, Unguwar Dosa:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni a makarantar da nake kula da netwok ɗinta mun samu IPv6 ta layin fayiba, kuma abin da na tarar ya isa a ba da labari. Wanda ya yi aikin kafin ni ya toshe ICMP (saƙonnin da na'urori ke sanar da juna halin hanya da su) gaba ɗaya, wai don kada a yi mana fing, wato a gwada daga waje ko na'urarmu na amsawa. A IPv4 ka tsira da wannan. A IPv6 da ICMPv6 na'urori ke gano maƙwabtansu da rauta, da ita kuma ake sanar da cewa ƙunshin saƙo ya yi girma. Sai ka ga shafi ya fara buɗewa ya tsaya a rabi, malamai suna ta cewa sabis ne. Na buɗe ta, abin ya warware.

Na biyu, ya saita DHCPv6 kaɗai, wato rauta ce ke ba kowace na'ura adireshi, don ya san wa ke riƙe da wane adireshi. Kwamfutocin ɗakin jarrabawa suka karɓa lafiya, wayoyin Android ko ɗaya. Su da kansu suke ƙirƙirar adireshinsu ta hanyar da ake kira SLAAC, ita kuma SLAAC sai da /64 cif, wato rabon netwok ɗaya cikakke. In ka yi tsumulmula ka yanka ƙasa da haka, ba za ta yi ba.

Na uku shi ya fi tayar min da hankali. MikroTik ɗinmu tsohuwar manhajar RouterOS 6 ce a kanta, wadda sai ka kunna kunshin IPv6 da hannu, kuma in ka kunna daga baya, shafin bangon tsaronta fayau yake zuwa. Firintar ofishin shugaban makaranta tana zaune da adireshin da duk duniya za ta iya taɓawa. Mun saba NAT, wato ɓoye na'urori bayan adireshi ɗaya da rauta ke yi a IPv4, na rufa mana asiri ba da saninmu ba. Mai Kyamara, ka riƙe wannan kafin ka sa DVR mai kalmar sirri 12345 a kai.

Oga Rauta, Kakuri:
Ku yi haƙuri, ni duk inda na je aiki kashe IPv6 nake yi. Kwastoma bai taɓa kirana ya ce IPv6 ɗinsa ta ɓace ba. Amma an sha kirana a kan intanet na jan ƙafa, in kashe ta, a samu lafiya. Ga adireshi kamar lambar katin waya, wa zai haddace?

Hajiya Mai IT, Unguwar Dosa:
Oga, inda ka kashe aka samu lafiya, duba da kyau, galibi rauta ce ke shelar tana da IPv6 alhali babu hanyar fita. Burauza takan gwada hanyoyin biyu ta bi wadda ta fara amsawa, amma wasu manhajoji da tsofaffin talabijin sai sun jira har su gaji. Kashewa ta ɓoye matsalar ne kawai. Haddacewa kuma, yaushe rabonka da haddace lambar wayar matarka?

Oga Rauta, Kakuri:
Hajiya kin ci wannan. Amma sai kamfani ya ba ni a rubuce kafin in bar wa kwastoma ita a kunne.

Ɗalibin Poli:
Iyayena a sana'a, ni ma na ɗan taɓa. Na yi rajistar ramin kyauta na kamfanin Hurricane Electric, wanda ke kawo IPv6 ta cikin IPv4, don in koya a ɗakina a Rigasa, sai na tarar yana buƙatar adireshin IPv4 na fili wanda za su iya yi wa fing, ni kuma MiFi ɗina bayan CGNAT yake. Yanzu a GNS3, manhajar kwaikwayon netwok, nake wasa da 2001:db8, adireshin da aka ware don misali. In zan sa wa shagon yayana intanet, me zan tambayi kamfani?

Injiniyan Barnawa:
Ƙanena, kada ka tsaya a kan mai amsa waya, ka ce a haɗa ka da injiniyansu. Tambaye shi ko suna ba da IPv6 ga ƙananan kwastomomi, kuma nawa: /64 ɗaya ko /56. In /64 ce, ba za ka iya raba netwok ɗin baƙi da na shago ba. Sannan ka tambaya ko rabon yana canjawa duk lokacin da rauta ta mutu, don da yadda wuta take a Rigasa, adireshin zai riƙa sauyawa kullum. In sun haɗa, kafin mai aikin ya hau mashin ɗinsa, buɗe shafin gwaji na test-ipv6.com a gabansa.