Ƙofar shiga wajen biki a Al-Hada, ku ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Makka da Jidda, don Allah a taimaka. Bikin ƙanwata za mu yi a wata istiraha, wato gidan hayar yin biki, a Al-Hada can saman dutse kusa da Ɗa'if, wajen ya yi kyau wallahi amma ƙofar shigar ce ta hana ni barci. Matakala ce ta dutse, da yamma hazo na sauka ko gabanka ba ka gani, ga su Hajiya da ciwon gwiwa. Mun gwada rataya labule da furen wardin Ɗa'if iska ta kwashe, birai suka yayyage sauran. Wace irin fitila ke ratsa hazo? Kuma da me zan kare ƙofar mata ya tsaya ƙyam kar a hango ciki?