Likita ya ce za a cire wa Baba tsiron tumbi ta baki ba tare da tiyata ba, wa ya san aikin nan?

Maman Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Mahaifinmu shekararsa 66, ya daɗe yana shan maganin olsa, sai da aka zura masa bututun kyamara ta baki aka ga wani ɗan fegi a ƙasan tumbinsa, faɗinsa santimita 2 da rabi. An tsakuri nama an auna, aka ce sankara ce amma tana farkonta. Likitan ya ce za a iya ɗaye wurin ta cikin bututun, aikin da suke kira ESD, ba sai an tsaga ciki ba. Yayanmu kuwa ya kafe sai an kai shi Masar an yanke wurin, wai abin da aka ciro ta baki ba zai fita duka ba. Ni hankalina ya fi kwanciya da maganar likita, amma Baba yana shan clopidogrel, maganin hana jini daskarewa, saboda zuciyarsa, ina tsoron zubar jini. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Likitan Ciki:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Aikin ba sabo ba ne. A Japan aka fara shi ƙarshen shekarun 1990, kuma can da Koriya ta Kudu (a Koriya ana duba tumbin mutane daga shekara 40 duk bayan shekara biyu) shi ake yi wa irin wannan ciwo kullum. Ana yin allurar ruwa a ƙarƙashin tantanin tumbin, wurin ya taso, sannan a bi gefensa da 'yar wuƙar lantarki a ɗaye shi kamar ana fere doya. Idan aka yi allurar wurin ya ƙi tasowa, alama ce ta ko ciwon ya yi jijiya ƙasa, sai a sake shawara.

Maganar yayanku tana da gefen gaskiya. Akwai tsohuwar hanya, EMR, da ake zarge tsiro da waya a yanke. In ya wuce santimita 2 yakan fita gutsi-gutsi, kuma ya fi saurin dawowa. Amfanin ESD shi ne a ciro shi ɗungurungum, mai duba nama a ɗakin gwaji ya ga gefunansa da zurfinsa. Wannan sakamakon shi ne alƙali. In ya nuna gefuna fes, ciwon bai nutsa ba, bai shiga ƙananan jijiyoyi ba, to an gama, Baba ya tsira da tumbinsa. In ya nutsa, sai an yi tiyata an cire kaluluwar da ke kewaye, don bututu ba ya kai can. Ku shiga aikin kuna sane da wannan.

Manyan haɗuran ESD biyu ne: huda bangon tumbi, wanda bai kai mutum 5 cikin 100 ba a hannun gwani, kuma galibi nan take ake matse shi da 'yan ƙarafa, sai zubar jini bayan aiki. Ku tambayi likitan kai tsaye, guda nawa ya taɓa yi, kuma akwai likitan tiyata a kusa ranar?

Sista Mai Dare:
Yar'uwa, batun clopidogrel kada kowa ya tsayar masa a gida. Likitan zuciyarsa ne zai faɗi ranar dainawa da ranar komawa. Kuma jinin ba lallai ranar ya zo ba, yana iya ɓallewa har mako biyu bayan aiki, bayan kowa ya saki jiki. In kika ga bayan gidansa ya koma baƙi wuluk, ko ya yi aman jini, ko jiri na ɗibarsa, ku kamo hanyar asibiti ko tsakar dare ne. Kwanakin farko kunu da koko marar yaji, tuwo ya jira. A ɓoye masa magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, dattawanmu ba sa ɗaukar su magani.

Ɗan Fagge:
Ni a babban hanji aka yi min, aka sallame ni washegari. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ruwan wankin hanji, shi kuwa Baba ba ruwansa da shi, azumin dare kawai zai yi.

Likitan Ciki:
Ƙari ɗaya Hajiya: a gwada shi ƙwayar cutar tumbi da ake kira H. pylori, in akwai a kashe ta. Wani bincike na Koriya a 2018 ya nuna yin hakan bayan aikin ya rage ɓullar sabuwar sankara da kusan rabi. Tumbin da ya haifi ɗaya yana iya haifar wata, saboda haka a riƙa leƙa shi da kyamara duk shekara.

Maman Sadiƙ:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa Yaya duka, ya ce zai raka mu ganin likita ya yi tambayoyin da bakinsa.