Neman shawara: me ya sa wasu masu Toyota ke kokawa, alhali kowa na yabonta?

Malamin makaranta, Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota, musamman makanikai da waɗanda suka daɗe suna riƙe da Toyota. Na tara ɗan abin da ya sawwaƙa da niyyar sayen motar zuwa aiki da kai iyali unguwa, kuma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce kada in wuce Toyota, saboda kayan gyaranta suna ko'ina, kowane makaniki ya san cikinta, kuma ranar da mutum ya tashi sayarwa ba ya rasa mai saye. Hankalina ya fi karkata ga Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda dillalai ke kira Muscle, domin ita ce kuɗina zai iya kaiwa.

Sai dai tun da na fara bincike nake jin maganganun da suka sanyaya mini gwiwa. Wasu sun ce wannan samfurin yana shan baƙin mai, wasu sun ce dashbod ɗinsa yana narkewa a rana, wani kuma ya ce an taɓa cin kamfanin tara mai yawa a Amurka. Ina so in san wanne ne gaskiya a cikin waɗannan, wanne ne kuma zancen bakin tasha. Idan har gaskiya ne, me ya sa farashinta bai sauka ba, kuma me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Makaniki, Panteka Kaduna

Wa alaikumus salam Malam. Maganar shan baƙin mai gaskiya ce, kuma kamfanin da kansa ya amince da ita. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu tana ɗauke da injin da ake kira 2AZ-FE, mai lita 2.4, wanda aka sa a RAV4 ta 2006 zuwa 2008 ma. Matsalar tana wajen fistin da ringinsa. Akwai ringi na ƙasa wanda aikinsa shi ne share mai daga jikin silinda ya mayar da shi ƙasa, to idan datti ya toshe shi ya maƙale, sai man ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa inda ka ajiye motar ba, amma idan ka zaro sandar awon mai sai ka tarar ya yi ƙasa. Wanda ba ya dubawa sai ranar juye, shi ne ke jin injin ya fara ƙwanƙwasa a tsakiyar hanya, kuma a lokacin aikin gama ya gama.

A Amurka kamfanin ya fitar da takardar umarni ga makanikansa tun 2011, daga baya kuma ya ƙara wa'adin garanti a kan wannan matsala zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ma'aunin da suka sa shi ne, idan mota ta sha abin da ya kai kusan lita ɗaya a tafiyar mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900, sai a buɗe injin a canza fistin da ringi kyauta. Wannan wa'adi ya ƙare tuntuni. Motar da za ka saya a yau, ko dai mai ita na farko ya kai an gyara, ko kuwa bai kai ba, kuma dillalin da ke gabanka shi ma yawanci ba shi da masaniya.

Daga samfurin 2010 aka canza injin zuwa 2AR-FE mai lita 2.5, wanda ya fi kwanciyar hankali ta wannan fuska. Amma a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa: ana ɗauko ta 2007, a canza mata bamba da fitilu da abin gaba, a sayar da ita a matsayin ta 2010. Kada ka yarda da fuskar mota. Ka duba lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana da harufa da lambobi 17. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ne ke nuna shekara: 7 na nufin 2007, 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A kuwa 2010 ce, B kuma 2011. Sannan ka buɗe bonet ka karanta sunan injin a takardar da ke manne a ciki.

Batun dashbod ma haka yake. A wasu motocin na waɗannan shekaru robar tana yin laushi da danƙo idan zafi ya yi mata yawa, ta riƙa ƙyalli tana haske wa direba ido ta gilashi, ƙura kuma ta manne a kai. Shi ma kamfanin ya yi shirin canzawa kyauta a Amurka, shi ma ya ƙare. Idan ka ga an shimfiɗa kafet a kan dashbod, ka ɗaga ka taɓa da yatsa.

Shawarata ita ce ka je ganin motar da sassafe, kafin a tayar da ita, ka sa wani ya kunna kai kuma kana tsaye a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta ƙona mai. Ka sa a cire filogi a duba ko bakinsu ya yi baƙi da maiƙo. Idan kuma ka zaro sandar awo ka ga man ya yi kauri fiye da kima, to ka yi zargin an zuba shi ne don a ɓoye wani abu.

Mazaunin Amurka

Oga makaniki ya gama da ɓangaren inji, bari in taɓa maganar tara, domin ita ma ta faru. A watan Agustan 2009 wata Lexus ES350 ta ƙwace wa direbanta kusa da San Diego, ta kashe mutum huɗu 'yan gida ɗaya, kuma bincike ya nuna tabarmar ƙasa ce ta danne totur. Daga ƙarshen 2009 zuwa 2010 kamfanin ya yi wa miliyoyin motoci kiranye, wato ya nemi a dawo da su a gyara kyauta, wasu saboda tabarma, wasu saboda totur ɗin da ke maƙalewa, kuma Camry ɗin da Malam ke magana tana cikinsu. A watan Fabrairun 2010 shugaban kamfanin na lokacin, Akio Toyoda, ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka, ya nemi afuwa, ya kuma amsa cewa saurin faɗaɗar da kamfanin ya yi ta iya shafar kula da inganci. A tuna a 2008 ne Toyota ta sha gaban General Motors wajen yawan sayar da motoci a duniya. Binciken da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta yi tare da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, wanda ya fito a 2011, bai gano laifi a na'urorin lantarkin motar ba. Duk da haka a watan Maris na 2014 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 1.2 ga ma'aikatar shari'a ta Amurka, kuma dalilin tarar shi ne ya ɓoye wa jama'a da hukuma abin da ya sani.

Abin da ya fi damuna a kan 'yan'uwa a gida shi ne jakar iska ta kamfanin Takata. An yi amfani da wani sinadari a cikinta wanda zafi da laima ke lalatawa da daɗewa, ta yadda idan aka yi karo, maimakon jakar ta buɗe yadda ya kamata, sai gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa na ciki ƙarafa. Wannan ya shafi kamfanonin mota da yawa, Honda ma ta fi kowa, kuma a Amurka kaɗai an yi wa jakunkuna kusan miliyan 67 kiranye, Takata kuwa ta durƙushe a 2017. A watan Janairun 2024 Toyota ta gargaɗi masu wasu Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 ta 2004 da 2005, cewa kada su sake tuƙa su sai an gyara. Waɗannan su ne ainihin motocin da suka cika titunan Kano da Kaduna, kuma takardar kiranye adireshin mai motar na Amurka take zuwa, ba ta bin jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. Shafin intanet na hukumar NHTSA yana ba da damar a shigar da lambar shasi kyauta a ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba, kuma ana iya yin haka da waya a gaban dillali.

Sababbin ma ba su tsira ba. A 2024 an yi wa Tundra da Lexus LX na 2022 da 2023 kiranye, kimanin guda 102,000, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta, har kamfanin ya ce zai canza injinan gaba ɗaya. A ƙarshen 2023 kuma Daihatsu, wadda mallakar Toyota ce, ta dakatar da fitar da motoci bayan an gano maguɗi a gwaje-gwajen neman lasisi. Ban kawo waɗannan don in ce motar ba ta da kyau ba, domin har yanzu a ƙididdigar ƙarko da ake fitarwa a nan tana kan gaba-gaba. Amma ƙididdiga tana magana ne a kan jimillar motoci, shi kuwa Malam guda ɗaya zai saya, mai shekararta da injinta da tarihinta.

Tsohon direban haya, Katsina

Ni dai ina ganin an ɗora wa motar nauyin da ba nata kaɗai ba ne. Na yi rayuwata a kan hanya, kuma ban ga abin da ya jure titunanmu da lodinmu kamar Hiace da Hilux da tsohuwar Corolla ba. Direbobi ba su karanta mujallar mota ba, aljihunsu ne ya koya musu wadda ke kai su gida.

Yawancin masu kokawa ba sabuwa suka saya ba. Motar da ta yi shekara 15 a wata ƙasa, wataƙila ta yi haɗari ko ta nutse a ambaliya aka yi gwanjonta, aka kawo aka yi mata fenti, sannan aka mayar da mitar tafiyarta baya, ita ce ake auna kamfanin da ita. Ni kaina wani dillali ya taɓa sayar mini da mota mitarta na nuna ƙasa da mil 90,000, amma robar birki ta suɗe har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi santsi, kuma a jikin ƙofa akwai 'yar takardar gareji da ke nuna an yi mata juye a adadin da ya ninka wannan. Da na koma masa sai ya ce shi ma haka ya sayo. Wannan wa za a tuhuma?

Game da tambayar farashi kuwa, Malam, sunan ne kake biya, tare da sauƙin samun kaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko kasuwar Ladipo ta Legas. Motar da ta fi ta kyau a ido tana nan a ƙasa da kuɗinta, amma ranar da na'ura ɗaya ta mutu sai ta yi wata biyu a gareji ana jiran kaya.

Makaniki, Panteka Kaduna

Baba direba ya faɗi gaskiya, kuma zan ƙara da laifin da ke wuyan masu sana'armu. Mota tana sauka, wasu sai su cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, su haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa yana shan fetur fiye da kima, yana kuma tara datti a ciki. Sannan a zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, a zuba mai 20W-50 alhali a murfin an rubuta 5W-20, ga kuma jabun filta da ke cikin kwali mai tambarin kamfani. Duk waɗannan suna gaggauta maƙalewar ringi.

Sai dai inda na saɓa da Baba shi ne, matsalar 2AZ-FE ta bayyana ne a hannun waɗanda suka sayi motar sabuwa fil, suna kai ta garejin kamfani a kan lokaci, shi ya sa ma aka ƙara garanti. Saboda haka ba daidai ba ne a ce duk laifin namu ne. Haɗarin yabon da ya wuce kima shi ne mai saye yana sakin jiki, ya ce ai Toyota ce, ya biya ba tare da ya kira makaniki ba, abin da ba zai taɓa yi wa motar Jamus ba.

Malamin makaranta, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage mini, Oga makaniki: idan na samu ta 2008 mai tsabta wadda ba ta hayaƙi, in saya, ko in ƙara haƙuri har kuɗin ya kai ta 2010?

Makaniki, Panteka Kaduna

Idan za ka iya jira, ka jira ta 2010 ko 2011 ta gaskiya, wadda lambar shasinta ta tabbatar. Idan kuma buƙata ta matsa, ta 2008 ba abin gudu ba ce, da yawansu suna nan suna aiki lafiya, amma ka sa a gwada ƙarfin matsin kowace silinda, a jona kwamfuta a karanta abin da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye, kuma ka nemi ragin da zai isa aikin ringi idan ta kama. Bayan ka saya ka riƙa zaro sandar awon mai kowane mako a wuri mai daidai, injin yana sanyi, ka kuma ajiye lita ɗaya a but. Idan a wata na farko man bai motsa daga alamarsa ba, to ka dace da wadda aka gyara ko wadda matsalar ba ta taɓa ba.