Shukar da na gani a tsagar dutse a Norway, za ta yi a Jos?

Ɗaliba a Tromsø:
Assalamu alaikum. Shekarata biyu ke nan ina karatu a arewacin Norway. A watan Yuli muka hau dutse da wata ƙawata 'yar ƙasar, sai na ga wata 'yar shuka ta fito daga tsagar dutse, tsayinta bai kai kamu ɗaya ba. Ganyenta mai kauri ne, cike da ruwa, ga furanni rawaya cunkus a kanta. Ƙawata ta ce rosenrot suke kiranta. Ta kankare saiwar da farce ta ce in shinshina, wallahi ƙamshin wardi sak! Tun ranar take raina. Babana yana da lambu a Jos, ba abin da yake so kamar sabon iri. In na haƙo saiwa biyu na kai masa, za ta kama?

Malamin gona:
Wa alaikis salam ƙanwata. Rhodiola rosea ce kika gani, kuma gaskiya ba za ta yi ba. Kowace shekara sai samanta ya bushe, saiwar ta kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara wata da watanni, sannan ta tofo. Sanyin Jos na hunturu bai kai nan ba. Ko ta jure zafi, ruwan Agusta zai ruɓar da ita, don ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa.

Tsohon ɗalibin Rasha:
Ni haƙowar ce ta dame ni. A Rasha saiwar zinariya ake ce mata, ana jiƙa ta a sha don gajiya, ni ma na sha lokacin jarrabawa. Sai dai neman kuɗi ya sa an kwashe ta sosai a duwatsun Altai, alhali saiwar sai ta yi shekaru kafin ta yi ƙwari. Shi ya sa a taron Panama na 2022 aka sa ta cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin tsirrai da namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu tsakanin ƙasashe. Yanzu ƙetare iyaka da ɗanyar saiwarta sai da takardar izini. Don Allah ki bar ta inda Allah ya ajiye ta.

Inna mai furanni:
'Yata, ki sa a samo wa Baba shukar kariya. Ita ma tsakanin duwatsu take fitowa, da rani take fure. A dai kula da yara, ruwanta dafi ne.

Ɗaliba a Tromsø:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na fasa haƙowa. Inna, na faɗa wa Baba zancen kariya, ya ce akwai guda a bakin rijiyarsa tun kafin a haife ni. Yuli mai zuwa in sha Allahu zan koma dutsen nan in ɗauko masa hoto, na riƙe wurin, dab da wata 'yar ƙorama ne.